Yadda DJ zai haɗa waƙoƙi biyu masu bambancin sauri ta hanyar sarƙar kiɗa

Tambaya daga wani matashin DJ mai aiki a gidajen biki a Mabera da Arkilla, cikin garin Sakkwato: "Idan ina cikin sa waƙar Hausa wadda kwamfuta ta nuna mini saurinta bugu 78 a minti, sai samari suka nemi amapiano, kiɗan nan na Afirka ta Kudu, mai 113, nakan rasa yadda zan yi. In na ja ta farkon don ta kamo ta biyun, muryar mawaƙi takan lalace, in kuma na yanke kai tsaye, masu rawa su tsaya cirko-cirko. Na ji ana cewa akwai dabarar haɗa irin waɗannan waƙoƙi ta hanyar sarƙar kiɗa. Yaya ake yin ta?"

Ƙanena, dabarar tana nan, kuma waƙoƙin da ka kawo misali da su suna cikin waɗanda ta fi dacewa da su. Tushenta shi ne, waƙoƙi biyu suna iya tafiya tare ko da saurinsu ya bambanta, muddin bugunsu yana komowa ya haɗu a wuri ɗaya bayan ɗan gajeren lokacin da kunne zai iya riƙewa. Ka lura da uba da ɗansa idan suna tafiya masallaci: uban ya yi taku 2, yaron ya yi 3, amma a ƙarshen kowane zagaye ƙafafunsu suna sauka tare, kuma babu wanda ya bar wani a baya. Irin wannan tafiya ake nema tsakanin waƙoƙin biyu.

Dalilin da ya sa jan waƙa yake ba ka matsala a fili yake. Daidaita bugun waƙa da na wata, wanda ake danganta farkonsa ga Francis Grasso a birnin New York na Amurka a ƙarshen shekarun 1960, an ƙirƙiro shi ne domin waƙoƙin da saurinsu ya yi kusa da juna. Na'urar faifai ta Technics SL-1200MK2, wadda ta fito a 1979 ta zama abin aikin DJ a ko'ina, sandar saurinta ba ta wuce ƙarin kashi 8 cikin 100 ko ragin hakan. Kai kuwa daga 78 zuwa 113 kana neman ƙarin kusan kashi 45 cikin 100 ne. Duk ƙarin da ya kai kusan kashi 6 cikin 100 yana ɗaga amon waƙa da rabin mataki, saboda haka kafin ka kai inda kake so, muryar dattijo ta koma ta yaro. Maɓallin kulle murya, wanda kamfanin Pioneer ke kira Master Tempo, yana hana amon tashi, sai dai idan jan ya yi yawa yakan sa murya ta riƙa karkarwa, ganga kuma ta rasa kaifinta. A ganina, waƙar da mutane suka haddace baitocinta bai kamata a motsa ta fiye da kashi 3 ko 4 cikin 100 ba.

Lissafin ba shi da wuya. Lambar da kwamfuta ke nunawa, wato BPM, adadin bugu ne a cikin minti 1. Waƙa mai 120 tana bugawa kowane rabin daƙiƙa, mai 80 kuma kowane kashi 3 cikin 4 na daƙiƙa, don haka bayan daƙiƙa 1 da rabi ta farko ta yi bugu 3, ta biyu ta yi 2, sun sake saukowa tare. Wannan shi ne 3 a kan 2. Haka mai 120 da mai 90 suke haɗuwa kowace daƙiƙa 2, ɗaya da bugu 4 ɗaya da 3, kuma 128 da 96 ma dangantakarsu ke nan. Mafi sauƙi duka shi ne ninki, kamar 70 da 140, wanda kusan kowane DJ ya san shi ko da bai taɓa zama ya lissafa ba. Idan ka ɗauki waƙarka mai 78 ka ƙara mata rabinta, ka sami 117, kuma tsakanin 117 da 113 tazarar ƙarama ce. Sai ka raba ta tsakanin waƙoƙin biyu: ka saukar da ta Hausa zuwa 76, ragin da bai kai kashi 3 cikin 100 ba, ka ɗaga amapiano zuwa 114, ƙarin da bai kai kashi 1 ba. 76 da rabinta 114 ne daidai.

Kafin ka dogara da wannan lissafi, sai ka tabbatar cewa 78 ɗin gaskiya ce. Manhajojin DJ irin su VirtualDJ da Serato da rekordbox an gina su ne bisa kiɗan da bugunsa ke rabuwa 2 ko 4, alhali da yawa daga cikin kiɗanmu, na gargajiya da na situdiyo, bugunsa yana rabuwa 3 ne. Idan manhaja ta ci karo da irin wannan waƙa, wani lokaci takan kama wani abu daban ta ƙirga, ta nuna maka 117 ko 156 a waƙar da masu rawa ke takawa a 78. Saboda haka ka kunna waƙar, ka miƙe tsaye, ka taka ta kamar yadda mata ke takawa a wurin wuni, ka ƙirga takunka na minti 1 cur da agogon waya. Wannan ita ce lambar da za ka yi aiki da ita. Bayan haka ka saurari abin da ke tsakanin taku da taku, wato ƙananan bugun da caki ko kacau-kacau ko ƙaramar ganga ke cikewa da su, waɗanda zan kira 'ya'yan bugu. Idan bakinka ya iya cewa "ta-ka-ta" a tsakanin taku biyu ba tare da gaggawa ba, 'ya'yan 3 ne; idan "ta-ka-ta-ka" ne ya zauna, 4 ne. Ka rubuta wannan a jikin sunan kowace waƙa, domin a kansa sauran aikin ya rataya.

A nan ne ainihin sirrin yake, kuma a nan ne mafi yawan masu gwada dabarar suke tuntuɓe. Waƙar Hausa mai taku 76 da 'ya'ya 3 tana fitar da ƙananan bugu 228 a minti. Amapiano mai 114, idan ka raba kowane bugunta gida 2, ita ma 228 take bayarwa. Ma'ana, ƙananan bugun waƙoƙin biyu suna faɗawa a kan juna daidai wa daida, kacau-kacau a kan kacau-kacau, manyan gangunan ƙasa ne kaɗai suke saɓawa, ɗaya tana faɗuwa bayan kowane ƙaramin bugu 3, ɗaya bayan kowane 2. Tun da haka ne, abin da za ka rage a miksa lokacin haɗin shi ne bes, wato amon ƙasa mai nauyi, na waƙar da ke shigowa, ka bar samanta ya fito. Akasin wannan shi ne idan ka sami waƙar Hausa mai 'ya'ya 3 wadda takunta ya zo daidai da na amapiano, a ce dukansu 112. Kwamfuta za ta nuna maka lambobi iri ɗaya, ka ɗauka aiki ya ƙare, amma da ka buɗe su tare sai ka ji saman kiɗan ya cakuɗe, domin 3 da 4 suna kokawa a cikin kowane taku. A wannan hali gangunan ƙasa ne suka yarda da juna, don haka sama za ka rage, ka bar ƙasa. DJ da ya gane wane ɓangare ne ya yarda, wane ne ya saɓa, ya riga ya yi rabin aikin.

Kunnen Basakkwace bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba. Duk wanda ya tsaya kusa da makaɗan kalangu a filin dambe, ko ya saurari masu kotso da taushi a ƙofar fada ranar sallah, ya ji yadda ƙaramar ganga irin kuntuku ko kazagi take riƙe bugu ɗaya ba ta sauyawa, babban makaɗi kuma yana yawo a kansa, wani lokaci ya bi shi, wani lokaci ya gitta masa, sannan ya komo su haɗu. Bambancin kawai shi ne makaɗan suna sauraren juna suna gyarawa, waƙoƙi biyu a kwamfuta kuwa babu mai jin wata, kai ne za ka zama kunnensu.

Ga yadda haɗin yake gudana a aikace. Tun a gida, ka buɗe amapiano ɗin ka nemo wurin da babban bes ɗinta yake faɗowa, ka ƙirga ɗauri 12 baya, ɗauri kuwa shi ne bugu 4, ka sa alama a nan. Irin wannan kiɗa na Afirka ta Kudu yakan fara da doguwar shimfiɗa ta kacau-kacau da ƙananan ganguna kafin nauyinsa ya shigo, don haka da wuya ka rasa wurin. A waƙar Hausa kuma ka nemo wurin da mawaƙi ya yi shiru kiɗa ya ci gaba shi kaɗai, in kuma wurin gajere ne, ka kama taku 8 daga cikinsa ka sa na'ura ta riƙa maimaita su, abin da 'yan sana'a ke kira lup. Idan lokaci ya yi a wurin biki, sai ka murɗe bes na amapiano gaba ɗaya, ka sa hedifon a kunne ɗaya, yatsanka a kan maɓalli, ka jira kan ɗauri na waƙar Hausa ka sake ta daidai da shi. Ka ɗaga ƙararta a hankali. Kowane taku 8 na waƙar Hausa daidai yake da bugu 12 na amapiano, wato ɗauri 2 a nan, ɗauri 3 a can, kuma kawunansu suna haɗuwa kowace daƙiƙa 6 da 'yan ɗigo. Ka ƙirga irin wannan haɗuwa sau 4, kimanin daƙiƙa 25 ke nan. A haɗuwa ta uku ka fara janye bes na waƙar Hausa, fili ya ɗan yi sakayau, a ta huɗu kuma, daidai lokacin da nauyin amapiano ke faɗowa, ka buɗe bes ɗinta lokaci guda ka sauke ɗayar. Masu rawa sun riga sun yi daƙiƙa 25 suna jin sabon kacau-kacau a cikin tsohon kiɗa, saboda haka idan ƙasa ta sauya, ƙafarsu takan bi ba tare da sun tsaya ba.

Dalilin zaɓen ɗauri 12 yana da muhimmanci. Waƙoƙin situdiyo yawanci suna sauya salo bayan ɗauri 8 ko 16, kuma da a ce ka saki amapiano daga farkon sashenta, sai waƙar Hausa ta cika ɗauri 8 a lokacin da ita take tsakiyar zance. Cikakkiyar haɗuwar sassansu ba za ta zo ba sai bayan ɗauri 16 da 24, fiye da daƙiƙa 50, wanda ya yi tsawo ƙwarai ga mutanen da ke tsaye a fili. Ƙirgawa baya daga wurin da kake so ka sauka ita ce ke raba ka da wannan jira.

Komowa daga amapiano zuwa waƙar Hausa ya fi wuya, domin rage wa masu rawa sauri yakan zo musu kamar an kashe musu jiki. A nan lup mai tsawon bugu 1 da rabi yake amfani. Idan ka kama bugu 1 da rabi na waƙa mai 114 ka sa ya riƙa maimaituwa, yana komowa sau 76 a minti, wato waƙar da kanta ta soma taka takun wadda za ta gaje ta. Ka bar shi ya zagaya sau 8, ka shigo da waƙar Hausa a kan kansa. Lup na kai-tsaye a yawancin na'urori ninki yake bi, daga rabi zuwa 1 zuwa 2 zuwa 4, saboda haka wannan sai ka sa farkonsa da ƙarshensa da hannu, kuma gara ka shirya shi a gida ka adana. Akwai ɗan'uwansa mai tsawon kashi 3 cikin 4 na bugu, wanda ke ɗaga sauri maimakon rage shi: a waƙa mai 105 yana komowa sau 140 a minti, a mai 112 kuma kusan 149. Miksocin Pioneer suna da wannan ma'auni na 3/4 a cikin amsa-kuwwarsu. Kiɗan Afrobeats ya fi kowane karɓar wannan dabara, domin gangarsa takan bi tsarin 3, 3, 2 a cikin ƙananan bugu 8, don haka idan ka kama ukun farko kaɗai, kunne yana jin kamar makaɗin ne ya ƙi rufe zagayen ya ci gaba da jera uku-uku. Da wannan ake hayewa daga Afrobeats mai 105 zuwa waƙar Hausa mai zafi wadda takunta ya kai 140 da 'ya'ya 3, kuma a nan ma ƙananan bugun sun dace, domin 105 sau 4 da 140 sau 3 duka 420 ne.

Game da maɓallin daidaitawa na kai-tsaye, wanda aka rubuta Sync a kansa, ka kashe shi, domin da ka taɓa shi zai ja 76 ta koma 114 ya rushe duk abin da ka shirya. Idan kana son taimakonsa, ka yi kwafin waƙar Hausa, ka shiga wurin gyaran layukan bugu ka rubuta mata 117 da hannu a maimakon 78, ka dasa layin farko a kan bugun farko. Daga nan manhaja za ta ɗauke ta a matsayin mai 117, ta daidaita ta da amapiano ba tare da ta san sarƙa take yi ba.

Sarƙa ba ta yafe kuskure kamar yadda haɗin yau da kullum yake yafewa. Idan lissafinka ya kauce da rabin bugu kacal a minti, cikin daƙiƙa 12 waƙoƙin sun rabu da kusan kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa, kuma kunne yana jin wannan sarai a matsayin bugu biyu masu bin juna. A haɗin da gangunan ke tafiya tare, mai sauraro yakan gane cewa DJ ne ya ɗan makara, amma a sarƙa sai abin ya zama hayaniya kawai. Wannan ya sa waƙoƙin da makaɗa suka kaɗa da hannu suke buƙatar kulawa ta daban, domin makaɗi yakan ƙara wuta idan wasa ya yi daɗi, waƙar da ta fara a 74 ta ƙare a sama da haka. Waɗanda aka kwaso daga tsofaffin kaset kuma suna da ƙarin matsalar rawar zaren kaset ɗin. Irin waɗannan kada ka yarda da lamba ɗaya ga dukan waƙar. Ka auna saurin yankin da za ka yi haɗin a kansa kawai, ka kama shi a lup, tun da lup ba ya sauya tsawo komai daɗewarsa.

Wurin aiki ma yana shiga lissafi. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka idan sifika tana nesa da kai da mita 17, kamar yadda yakan faru a manyan ɗakunan dina ko a filin da aka kafa rumfuna, abin da ke iso maka ya makara da kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa, daidai girman kuskuren da muke gudu. Ka saurari waƙoƙin biyu a cikin hedifon, ko ka aje ƙaramar sifika kusa da kai, kuma ka guji hedifon na Bluetooth, domin jinkirinsa ya fi wannan. Manhajojin yanzu suna iya rarraba waƙa su ware murya daban, ganguna daban, bes daban. VirtualDJ ta kawo wannan a 2020, Serato kuma a 2022. Yana sauƙaƙa sarƙa sosai, tun da kana iya cire gangunan waƙa ɗaya ɗungurungum ka bar muryar tana yawo a kan kiɗan ɗayar. Sai dai yana cin ƙarfin kwamfuta, kuma a zafin Afrilu na Sakkwato, lokacin da ma'auni ke haura 40, kwamfutar da ta ɗauki zafi takan rage gudu ta soma yanke sauti, don haka ka sa ta yi rarrabawar tun a gida ta adana.

Akwai dangantakar da lissafi ya yarda da ita amma fili bai yarda ba. Waƙa mai 100 da mai 125 suna haɗuwa a 4 da 5, kowace daƙiƙa 2.4, amma mai rawa ba ya jin tsari a cikinta, kuskure yake ji. Ka tsaya a kan ninki, da 3 a kan 2, da 4 a kan 3. Akwai kuma lokacin da bai kamata a yi sarƙa ba ko da lambobi sun dace. Masu sauraronmu kalmomi suke bi, kuma idan waƙar da aka yi wa amarya ce, ana ambaton sunanta da na iyayenta, dangi sun fito suna liƙi, sa wani kiɗa a ƙarƙashinta rashin ladabi ne ga masu biki. Ka bar mawaƙi ya kammala ɗan waƙarsa, 'yan amshi su koma gindi su rufe, sannan ka taɓa wani abu, kuma kada murya biyu su taɓa hawa kan juna. A taron da mata suka fi yawa, sau da dama guɗa ɗaya ko maganar sanƙira ta daƙiƙa 5 ta isa ta rufe yankewa kai tsaye, babu wanda zai lura. Sarƙa sau 2 ko 3 a dare ta wadatar, a wuraren da kake son ɗauke fili daga wani yanayi zuwa wani ba tare da ya watse ba.

Horon yana farawa ne daga hannu kafin na'ura. Ka zauna ka ƙirga 1 zuwa 6 da baki, hannun dama ya bugi cinya a 1 da 3 da 5, na hagu a 1 da 4. Abin da zai fito shi ne tare, shiru, dama, hagu, dama, shiru. Idan ya zauna, ka daina ƙirgawa, ka sa ƙafarka ta bi hannun hagu, bayan ɗan lokaci ta koma ta bi na dama ba tare da hannayen sun tsaya ba, domin wannan sauyin ƙafa shi ne abin da kake nema daga masu rawa. Don 4 a kan 3 kuma ka ƙirga zuwa 12, dama a 1 da 4 da 7 da 10, hagu a 1 da 5 da 9. Daga nan ka zaɓi waƙoƙi biyu kacal, mai 78 da mai 113 ɗin nan naka, ka naɗi haɗinka, ka saurare shi washegari kana tsaye kana takawa. Duk inda ƙafarka ta yi shakka, ka duba ko bes biyu ne suka fito tare a wurin, ko kuwa ka saki waƙa ta biyu a kan taku na 2 maimakon kan ɗauri.